Ka nemi maganin Tuta, waya ta nuna maka tutar ƙasa

Idan kana noman tumatir a Kadawa ko Kura ko Ɗanja, ba sai an gabatar maka da tsutsar nan mai shiga cikin ganye tana cin sa daga ciki ba. Ita ce ta yi wa manoman rani ƙarƙaf a 2016, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Sunanta a littattafan masana Tuta absoluta. To, ɗauki wayarka ka buɗe Google ka rubuta "tuta" kaɗai, ka sha kallo. Akwai wani kamfanin aika wasiƙu ta intanet a Jamus mai wannan suna, 'yan Italiya kuma haka suke kiran rigar motsa jiki. In ka haɗa da kalmar Hausa, kana iya tsintar kanka a gaban tutar ƙasa. Sai ka ce bari in gwada sunan da muka laƙaba mata a gona, ka rubuta "Sharon". Nan kuma tsohon firaministan Isra'ila ne zai tarye ka, shi da 'yan fim.

Irin wannan na da yawa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ake adana wake ba tare da magani ba, in ka rubuta "pics" hotuna kawai za su zubo, don haka Turawa ke taƙaita kalmar hoto. Mai kiwon kaji da ke neman bayanin cutar Newcastle zai fara cin karo da sakamakon ƙwallon Ingila. Mai neman irin shinkafa FARO 44, in ya manta da lambar, ga shi a wani gari na bakin teku a Fotugal. Ƙuduji, wato wuta-wuta, sunansa Striga, amma akwai wata dodanniya a wani fim mai wannan suna, kuma hotonta na iya riga furen ƙuduji fitowa. Karate kuwa ba sai na faɗa maka ba: kai kana neman maganin ƙwarin wake, waya na nuna maka ƙarti sanye da fararen kaya suna kai naushi.

Duk waɗannan abin dariya ne, kuma ba su da illa, domin kana gani ka san an yi ɓatan kai. Babu wanda zai fesa wa tumatirinsa tutar ƙasa. Matsalar tana wurin da waya ta kawo maka abin da ya yi kama da wanda kake nema, sunansa na kimiyya ne, na gona ne, harafi ɗaya ko biyu ne kawai suka bambanta. Nan ne ake asarar shuka, wani lokaci har da rai.

Wa ke rubuta jerin da ke sauko maka?

Ka lura in ka fara rubutu, tun ba ka gama ba sai wani jeri ya sauko yana ƙarasa maka magana. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka shawara ce ake ba mu. A'a. Jerin nan tattara shi ake yi daga abin da mutane suka saba rubutawa, da abin da ake yayi a lokacin, da yankin da kake, da abin da kai kanka ka taɓa nema a wayar. Babu wani malamin gona da ya zauna ya tantance shi. Idan mutum dubu suka yi tambaya a kan abu marar kyau, tambayar tasu ce za ta hau sama, ka gan ta kamar wata hanya ce da aka amince da ita. Kamar dai ka shiga kasuwar Dawanau ka tsaya kana jin abin da aka fi yawan faɗa. Za ka ji abin da ke bakin mutane, amma yawan masu faɗa ba ya mayar da shi daidai.

Abu na biyu shi ne gyaran rubutu. In ka rubuta kalmar da injin bai gane ba, sai ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a cikin waɗanda aka fi nema, ya nuna maka sakamakonta. Yakan rubuta ɗan ƙaramin layi a sama cewa ga kalmar da ya yi amfani da ita a madadin taka, amma wa ke karanta layin nan? Ita ma wayar kanta tana da nata gyaran tun kafin ka aika. Mu kuma, mu faɗi gaskiya, yadda muka ji suna a bakin mai shago haka muke rubuta shi. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, shi ya sa Gramoxone ya zama giramazon, takin super ya zama sufa, compound ya zama kamfa. Wannan ba abin kunya ba ne, haka kowane harshe ke yi wa baƙuwar kalma. Sai dai injin bincike bai san kamfa ba, zai yi ta lalube ne ya ba ka abin da ya samu.

Phosphate da phosphide

Ka dubi waɗannan kalmomi biyu da kyau, domin a ganina babu inda kuskure ya fi nan haɗari. Haruffa shida na farko iri ɗaya ne. Wutsiyar ce ta bambanta: ɗaya ta ƙare da ate, ɗaya da ide.

Phosphate abincin shuka ne. Shi ne ke cikin takin sufa da muke sa wa gyaɗa da wake da waken suya, shi ne harafin P da ke tsakiyar NPK. Phosphide kuwa guba ce. Aluminium phosphide shi ne ƙwayar nan mai ruwan toka da ake turara hatsi da ita a sito, wadda a wasu kasuwanni ake ce wa bam. Da zarar ta shaƙi danshin iska sai ta fara fitar da iskar phosphine. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska, kuma iskar ba ta bambanta ƙwaro da mutum. Tana ratsa buhu, tana bi ta tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa, kuma babu maganin da ke karya dafinta, sai dai likitoci su yi ta ƙoƙarin riƙe numfashi da zuciya. Ɗan uwansa zinc phosphide maganin ɓera ne. Amma akwai zinc sulphate, wanda shi kuma taki ne da ake ba shinkafa da masara idan ƙasa ta rasa sinadarin zinc.

To ka ɗauka an ce maka shinkafarka na bukatar zinc, ka aiki yaro ya duba a waya, ya rubuta "zinc ph" jeri ya sauko, ya danna na farko. Ko kuma akasin haka, wanda ya fi muni: ka sayo ƙwayar turaren hatsi, kana son sanin ko za a iya ajiye buhunan a ɗakin da ake kwana, ka rubuta sunan yadda ya zo maka, injin ya gyara shi zuwa phosphate, ka karanta cewa abu ne marar haɗari sosai da ake sa wa har a abinci. Bayanin gaskiya ne, amma ba na abin da ke hannunka ba ne. Ka riƙe wannan ko da ka manta da sauran: hatsin da aka sa wa ƙwayar nan ba ya kwana a ɗaki ɗaya da mutum ko dabba, ko a ɗakin da ke manne da na kwana. Kuma ba a jefa ƙwayar tsirara cikin hatsi, domin tokar da ta bari ita ma sai an kwashe an binne.

'Yan gida ɗaya masu wutsiya ɗaya

Tun da tsutsar masara ta shigo Afirka a 2016, sunan emamectin benzoate ya shiga bakin manoma, don yana cikin magungunan da ake fesa mata. Yana da 'yan uwa biyu da sunansu ke ƙarewa kamar nasa. Abamectin, a gona, an fi amfani da shi a kan ƙananan ƙwarin nan masu kama da gizo-gizo da masu huda ganye a kayan lambu. Ivermectin kuma, a kiwo, shi ne allurar tsutsar ciki da kaska da ake yi wa shanu da awaki. A baki duk "mektin" ne. A waya kuwa ivermectin ya fi su suna nesa ba kusa ba, musamman tun lokacin korona da aka yi ta cece-kuce a kansa, don haka in ka kuskure rubutun emamectin, injin na iya jan ka can. Wanda ya fesa maganin dabba a masara ya yi asarar kuɗi. Wanda ya ɗura wa akuya maganin feshin gona kuwa yana iya rasa akuyar, domin ruwan da ake narka maganin gona a ciki ba a yi shi don cikin dabba ba.

Ita ma tsutsar tana da nata rikicin suna. Wadda ke shiga zuciyar masara ta ɓuya tana barin kashi kamar dusar katako ita ce fall armyworm, Spodoptera frugiperda. Akwai wata tsohuwa da muka daɗe da ita, African armyworm, mai tafiya a runduna tana cinye ciyawa da ganyen hatsi a fili. In ka rubuta armyworm kawai, bayanan biyun za su cakuɗe maka. Bambancin yana da amfani, domin ta farkon sai ka sa bakin famfo cikin zuciyar masarar, da sassafe ko da yamma, tun tsutsar na ƙarama, ba feshin sama-sama ba.

Sai DDT da DDVP. DDT tsohon magani ne da aka hana amfani da shi a gona a kusan duk duniya. DDVP shi ne dichlorvos, wanda ke cikin fiya-fiya. In ka rubuta sunansa tare da kalmar beans, kada ka yi mamakin ganin jeri ya ƙarasa maka da maganar adana wake, tun da mutane da yawa sun yi wannan tambaya. Amma zuba shi kai tsaye a cikin waken ci shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an yi ta samun ragowarsa fiye da ƙima. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Waken da Turai ta ƙi karɓa, mu ne muke dafa shi a gida. Ga kuma buhun PICS can, wanda aka yi shi don wannan aiki, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, amma sunansa na kai ka ga hotuna.

Rubutu daidai, amsa ta wata ƙasa

Ko ka rubuta suna ba kuskure, da sauran rina a kaba. Yawancin abin da ke intanet da Turanci a kan noma an rubuta shi ne don manoman Amurka da Indiya da Turai.

Rubuta glyphosate da maize, za ka iya ganin bidiyon tarakta tana fesa shi a kan masara tsayayya, ciyawa ta mutu masara ta tsira. Ba ƙarya ba ne. Masararsu ce aka sauya wa halitta don ta jure wannan magani. Taka ba haka take ba. Glyphosate ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai bi shi har saiwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ka ga gona ta yi jawur. Ko masarar TELA da aka saki a Najeriya a 2024, don jure tsutsa da fari aka yi ta, ba don wannan ba. Yana kuma da mai kama da shi a suna, glufosinate, wanda shi ma ba ya zaɓe amma ya fi ƙona inda ya taɓa kawai. Mai fama da ciyawa mai saiwa a ƙasa irin su tofa, in ya sayo wannan a madadin wancan, zai ga ta bushe ta kuma sake tohowa.

Intanet kuma bai san kana haɗa shuka ba. Zai gaya maka atrazine na masara ne, gaskiya ne, amma bai san kana da niyyar sa wake a tsakanin kunya ba, kuma atrazine na cutar da wake da gyaɗa da waken suya. Zai ce nicosulfuron na kashe ciyawa a cikin masara, gaskiya ne, amma a ƙasashen da aka rubuta bayanin, dangin dawa na daji suna cikin ciyayin da ake kashewa da shi. Kai da ka shuka dawa a tsakiyar masara, ka ga inda aka dosa. Hatta sunan amfanin gonar kansa tarko ne. Beans a wurinsu wani wake ne daban, namu cowpea ne. Corn a Amurka masara ce, guinea corn ɗinmu kuwa sorghum za ka rubuta ka same shi.

Sannan awo. Ba'amurke da eka yake lissafi, takardar maganinmu da hekta, kuma hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Galan ɗinsa lita 3.8 ne. Famfon goyo kuma wani lita 15 yake ci, wani 16, wani 20. Maganin ma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne: glyphosate mai 360 da mai 480 sunansu ɗaya, amma awonsu ba zai zama ɗaya ba. Don haka duk wanda ya rubuta "murfi kaza a famfo" bai faɗi wane ƙarfi da wane famfo ba, bai gaya maka komai ba.

Bari in ɗan ratse, don akwai kalmar da har masu digiri ke tuntuɓe a kanta. Aflatoxin, gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, sau da yawa za ka ga an rubuta ta alfatoxin, kamar dai wani Alfa ne ya ƙirƙiro ta. Ita kuma fumfunar, Aspergillus, waya na iya mayar da ita asparagus, wani kayan lambun Turawa. Ga dabarar tunawa: sunan daga Aspergillus flavus aka yanko shi, A daga na farko, fla daga na biyu, sai toxin, wato guba. An gano ta ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sanadiyyar abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa. Tana lalata hanta, tana tsumburar da yara, kuma dafuwa ba ta kashe ta. In ka iya rubuta afla, ka iya rubuta Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure.

To yaya za ka yi?

Kada ka rubuta daga ka. Ɗauko kwalbar ko ledar ka ajiye a gabanka. Babban sunan da aka rubuta da ado sunan kasuwa ne, kamfani goma na iya sayar da sinadari ɗaya da suna goma. Nemi ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashinsa, inda aka sa sunan sinadarin da lamba a gefensa, ka kwafe shi harafi bayan harafi. Kafin ka danna, sake dubawa ko waya ta canza maka. Bayan ka danna, karanta layin farko ka ga ko injin ya musanya kalmar. In ka sa suna tsakanin alamun zance, kamar "zinc sulphate", kana gaya masa ne wannan kake so ba mai kama da shi ba.

Kada ka bar kalma ita kaɗai. Haɗa ta da amfanin gonar da ƙasar: Tuta absoluta tomato Nigeria, ko Newcastle disease poultry, ko PICS bag cowpea. Kalma ɗaya ta ƙari ta isa ta kori 'yan ƙwallo da dodanni. Sunan Latin, duk da wuyar faɗarsa, ya fi kowane aminci, don shi kaɗai ne bai canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, waɗanda ke sayen magani mai takardar Turanci daga wannan ɓangare, malaman gonarsu kuma na bayani da Faransanci. Sunan tsutsar masara a harsunan biyu ko kama ba su yi ba, amma Spodoptera frugiperda ɗaya ne a ko'ina.

Duba kuma wanda ya rubuta amsar. Shafin IAR Samaru ko NAERLS da ke Zariya, ko IITA, ko FAO, ko INRAN a Nijar, ba ɗaya yake da bidiyon wanda ba ka san ko ya taɓa riƙe fartanya ba. Iri ma haka: SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, dukkansu daga Samaru, kuma lambar da ke biye ita ce ainihin sunan. Ka ce a sayo maka SAMNUT ba lamba, kamar ka ce a kira maka Malam ne a tsakiyar kasuwa.

Idan abin da waya ta ce ya saɓa da abin da ke jikin kwalba, bi kwalba, muddin tana da lambar rajistar NAFDAC, ko ta kwamitin magungunan Sahel ga na Nijar. A ƙasan takardar akwai zirin launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wannan ko wanda bai yi boko ba zai karanta shi. Kwalbar da ba ta da takarda, ko aka ɗura a robar lemo, babu binciken da zai gaya maka abin da ke ciki. Bar ta a shagon.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, wannan aiki naku ne fiye da na kowa, tun da ku ke sayen kaya a dunƙule. Kuskuren mutum ɗaya gona ɗaya yake ci, na sakataren ƙungiya kuwa gona hamsin. Ku ware littafi guda, ku ja layi huɗu: sunan da muke kiran abu a gari, sunan kasuwa, sunan sinadari da ƙarfinsa, sai amfanin gonar da ake sa wa da wanda ba a sa wa. Ku kai wa malamin gona ya duba rubutun ya sa hannu kafin damina. A zaurenku na WhatsApp ku kafa doka cewa duk mai tambaya a kan magani hoton takardar zai turo, gaba da baya, ba saƙon murya ba. Wanda za a aika kasuwa kuma a tura masa hoton a wayarsa, ya ɗora shi kusa da kwalbar a gaban mai shago, ya bi haruffan da yatsa har wutsiya kafin ya ƙirga kuɗi.